Gidajen Gado da Lissafin da Ba a Yi Musu

A ƙasar Kano, duk lokacin da aka naɗa wa ɗan gidan sarauta rawani, ko aka tsayar da ɗan wani babban ɗan siyasa takara, akwai maganar da ake rufe bakin mai tambaya da ita: na gada ya fi na koya. Idan ya matsa, a ƙara masa da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Yaron da ya tashi a zauren da ake shari'a ya ji yadda ake tambayar shaida tun bai iya alwala ba. Wanda ya tashi a ƙofar hakimi ya san wace unguwa ce ba ta ga maciji da wace, ya san yadda ake kwantar da rikicin iyakar gona ba tare da an kai ga ɗan sanda ba. Kuma ɗan babban gida yana da sunan da yake gudun ɓatawa.

Wannan ita ce ribar, kuma maroƙa da masu tarihin fada sun daɗe suna ƙirga ta. Abin da ba a cika ƙirgawa ba shi ne kuɗin da aka biya, da kuma aljihun da ya fito. Ni daga gefen manomin Dawakin Kudu da Kura da Bunkure nake son duba littafin, domin a nan ne shinkafa da tumatir da alkama suke fitowa, kuma a irin waɗannan garuruwa ne aka fi jin nauyin abin da ake yankewa a cikin birni.

Tun 1819, lokacin da Ibrahim Dabo na Sulluɓawa ya hau gadon Kano, sarautar ba ta bar zuriyarsa ba. Shekara ɗari biyu da 'yan kai ke nan a gida ɗaya. Masu yabon wannan tsari suna kiransa zaman lafiya da ɗorewa. To, a duba 1893. Sarki Muhammadu Bello ɗan Dabo ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello, su kuma 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi, shi ma ɗan Dabo, suka ce ba su yarda ba. Ɗaya daga cikinsu, Yusufu, ya fita da jama'arsa ya yi sansani a Takai. Da ya rasu, ƙanensa Aliyu Babba ya ɗauki tuta, ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Wannan shi ne Yaƙin Basasa. 'Ya'yan wa da ƙane ne suke jayayya a kan rawanin kakansu, amma ba a zauren gidansu aka yi ta ba. An yi ta ne a garuruwan kudu da gabashin Kano, inda aka ƙone ƙauyuka, aka kwashe rumbuna don ciyar da mayaƙa da dawakai, aka kama 'ya'yan Musulmi aka sayar a matsayin bayi. Manomin da aka tilasta wa zaɓar Tukurawa ko Yusufawa ba shi da kaso a gadon, ko wane ne ya ci. Bayan shekara takwas Turawa suka fasa ganuwar Bebeji, suka shiga Kano a watan Fabrairun 1903, suka tarar da masarautar da raunin basasa bai gama warkewa a jikinta ba.

Turawan ba su rushe gidajen ba. Sun ga amfaninsu. Kafin zuwansu, hakimai a birni suke zaune, jakadu ne ke yawo a ƙauyuka suna tara musu kuɗin ƙasa. Wajen 1907 zuwa 1908 aka yanka ƙasar gunduma-gunduma, aka tura kowane hakimi ya tare a tasa. Daga nan aka samu abin da mutanen karkara suka saba da shi har ya zama kamar haka Allah ya halicci duniya: hakiminka ba ɗan garinku ba ne, daga birni ake aiko shi, sarauta ce ta kawo shi, wata sarautar kuma za ta iya ɗauke shi. Wasu gundumomi sun zama na wasu gidaje: Madaki na Yolawa yana Dawakin Tofa, Makama na Joɓawa yana Wudil, Sarkin Bai na Dambazawa yana Ɗambatta. Wasu kuma, musamman masu yawan jama'a da ke kusa da birni, 'ya'yan sarki ake turawa. Ko a zamaninmu, Ɗan Iyan Kano Alhaji Yusuf Bayero, ɗan Sarki Abdullahi Bayero, shi ne hakimin Dawakin Kudu har rasuwarsa a 2020. Ban kawo sunansa don aibu ba. Na kawo shi ne don a ga tsarin: gari mai tarihi da malamai da attajirai, amma ba daga cikinsa ake zaɓar mai riƙonsa ba.

Aikin hakimi na farko a zamanin En'e shi ne haraji da jangali. Wannan an rubuta shi, ana ba da rasit, ana kai shi Baitulmali. Akwai kuma wanda ba a rubutawa. Akwai gaisuwa idan an zo neman dagaci ko mai unguwa, kuma wanda ya kashe kuɗi ya samu rawani daga jikin talakawansa zai fanshe. Akwai aikin gayya a gandun hakimi a daidai lokacin da gonar mutum take bukatar noma. Akwai ciyar da baƙin fada idan an zo rangadi. Dattawan da suka ga wancan zamani suna ba da labarin yadda magidanci kan sayar da hatsin da zai ci da damina, ko ya jinginar da gona, ko ya tsere ci-rani, don kada a ɗaure shi a rana saboda haraji. Sai a 1979 gwamnatin PRP ta Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Murnar da aka yi a karkara a lokacin ita kanta shaida ce ta nauyin kayan da aka sauke.

Kuɗin da aka tara fa? A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta sa D. J. M. Muffett ya binciki asusun En'en Kano, wadda ita ce mafi arziki a Arewa amma ta kasa biyan bukatunta. Binciken ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya a 1963, aka kai shi Azare. Mutane da yawa sun yi imani cewa tsamin dangantaka tsakaninsa da Sardauna ne asalin lamarin, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ko an ɗauki wannan fassara, darasin bai canza ba: ba a buɗe littafin asusun ba sai da manya biyu suka saɓa. Wanda ya biya harajin ba shi da hanyar tambayar inda kuɗinsa ya shiga.

Inda na fi ganin tsadar gado shi ne shari'a. Kano tana da gidajen alƙalanci kamar yadda take da gidajen sarauta, kuma mafi shahara a cikinsu su ne Gyanawa, waɗanda suka fitar da alƙalai da muhutai da masu riƙe da sarautar Wali. Ilimi ne na gaske ake gada a irin waɗannan gidaje, Risala da Muhtasar da Tuhfa, ana karanta su tun ƙuruciya, kuma babu mai hankalin da zai raina wannan. Matsalar tana wurin zaman kotun a cikin En'e. A wancan zamani sarki ne ke naɗa alƙali, En'e ke biyansa albashi, ɗan doka da dogari da gidan yari duk na En'e ne, kotun ƙoli ta ƙasar kuma ita ce majalisar sarki, inda sarki da kansa yake yanke hukunci, har da shari'ar ƙasa da ta kisa. A kan wannan kuma sai a ɗora auratayya ta shekara da shekaru tsakanin gidajen sarauta da na malamai. Idan manomi ya kai ƙarar dagaci a kan gona, gaban wa zai tsaya? Gaban mutumin da wanda ya naɗa hakimin da ya naɗa dagacin ne ya naɗa shi. Ko alƙalin waliyyi ne, mai ƙara yana shiga da zuciya a karye, kuma da yawa ba sa shiga ma, sai su ce sun bar wa Allah. Ƙarar da ba a kai ba ba ta cikin kowane kundi, amma asara ce, kuma gonaki da yawa ta haka suka tafi.

Da siyasar jam'iyyu ta zo, abin ya fito fili. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, kuma sanarwar Sawaba ta wannan shekara ta bayyana mulkin En'e a matsayin mulkin 'yan wasu gidaje ƙalilan a kan talakawa. Amsar da aka ba su ta bi ta kotun alƙali. An ɗaure 'yan NEPU saboda yin taro ba izini, saboda zagin sarki, saboda ƙin faɗuwa gaisuwa. An yi musu bulala, an kori wasu daga garuruwansu. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a Kano tana matashiya. Alƙalin da ya yanke hukuncin, da hakimin da ya kai ƙarar, da ɗan takarar da ake kare wa kujera, sau da yawa jam'iyyarsu ɗaya, NPC, wani lokaci ma gidansu ɗaya. Sai da sojoji suka zo, a ƙarshen shekarun 1960, aka ƙwace kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, aka rufe kotun sarki, aka mayar da alƙalai ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha.

Masu kare gado suna da amsa mai ƙarfi a nan, kuma dole a saurare ta. Za su ce: shi kansa Malam Aminu Kano ɗan wane gida ne? Bagyane ne, mahaifinsa Malam Yusufu ma'aikacin kotun alƙali ne. Isa Wali, wanda ya yi rubuce-rubuce masu zafi a kan haƙƙin mata da gyaran sarauta a shekarun 1950, ɗan Wali Sulaimanu ne. Ashe gidan da ya haifi ciwon shi ya haifi maganin. Haka ne. Amma ni wannan a ɓangaren asara nake rubuta shi. Me ya sa sai da talaka ya jira ɗan gidan alƙalai ya yi magana a madadinsa? Domin ƙofar makaranta a kulle take gare shi. Makarantar da Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe a Nassarawa a 1909, 'ya'yan sarakuna da malamai aka fara ɗauka. Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 ita ce ta fitar da mutanen da suka riƙe Arewa har bayan 'yancin kai, kuma kaɗan ne suka shige ta ba ta hanyar fada ko En'e ba. Mun san sunan Aminu Kano. Ba mu san sunan yaron Tsakuwa ko Tamburawa mai irin ƙwaƙwalwarsa da ya ƙare rayuwarsa yana noma don biyan haraji ba.

Dawakin Kudu kuwa ita ce ta ba da hujjar cewa irin waɗannan yara suna nan. A 1977 gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya guda biyu, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa, kuma da jarrabawa ake shiga. Cikin shekaru kaɗan suka fara fitar da waɗanda suka zama likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a, da yawansu 'ya'yan manoma da 'yan tireda, waɗanda babu rawani ko ɗaya a zuriyarsu. Ba a canza jinin mutanen Kano a 1977 ba. Ƙofa aka buɗe. Duk wanda yake son sanin abin da aka yi asara a shekara saba'in na kafin nan, ya dubi abin da makaranta ɗaya ta fitar bayan nan.

Ba mu kaɗai muka ga irin wannan ba. Amurka, wadda ta yi tawaye ga sarkin Ingila, da manyan gidaje ta fara. John Adams, lauya, ya zama shugaban ƙasa a 1797, ɗansa John Quincy Adams ya zama a 1825. Gidan Randolph na Bajiniya ya ba da babban lauyan gwamnati na farko, kuma bayi ne suke nome gonakinsu. A jihar Niyok, gidan Livingston da na Van Rensselaer sun riƙe ƙasa mai faɗin gaske, manoma suna zaune a kai suna biyan haya daga uba zuwa ɗa, su kuma masu ƙasar suna fitar da alƙalai da 'yan majalisa. Robert Livingston ne ya rantsar da George Washington a 1789. A 1839 manoman suka ƙi biya, rikicin ya ɗauki shekaru, har kundin tsarin mulkin jihar na 1846 ya haramta irin wannan riƙon ƙasa. Littattafan tarihi suna cike da sunayen gidajen, amma ba gidajen ne suka sauke wa manoma kayan ba. Manoman ne suka haɗa kai, suka kai maganar akwatin zaɓe.

Mu dawo gida, mu tsaya a bakin kanal na noman rani. An gina madatsar Tiga a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwan zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, da niyyar shayar da hekta 22,000 a kashin farko. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da aikin. Tsarin shi ne a karɓi gonaki, a baje su, a haƙa hanyoyin ruwa, a mayar wa masu su bayan an cire wani kaso. To wa ya san gonar wane ce? Babu takarda, dagaci da mai unguwa su ne takardar. Ba na cewa kowane dagaci ya ci amana, da yawa sun tsaya wa mutanensu. Amma ikon shaida ya zama dukiya a ranar da gonar da ake nomawa sau ɗaya a shekara ta zama mai ba da amfani rani da damina. Masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Tina Wallace, sun lura tun ƙarshen shekarun 1970 cewa ƙaramin manomi da ba shi da kuɗin taki da tarakta da ƙwadago yakan ba da gonarsa haya ko ya sayar, masu karɓa kuwa 'yan kasuwa ne da manyan ma'aikata da masu hanya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta mayar da iko hannun gwamna, amma hakan bai kawo shi kusa da manomi ba. Ƙara masa ƙofa ɗaya aka yi da zai tsaya a bakinta, kuma ɗan babban gida ya san mai gadin kowace ƙofa.

Wani zai ce duk wannan tarihi ne. To ga na jiya. Rimi ya ɗaga darajar Rano da Gaya da Ƙaraye a 1981. A watan Yulin shekarar aka yi tarzoma a Kano bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara, aka ƙone gine-ginen gwamnati. Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya soke sababbin masarautun a 1983. A 2019 Gwamna Ganduje ya raba masarautar gida biyar, Kura da Bunkure suka koma ƙarƙashin Rano. Ranar 9 ga Maris 2020 aka tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi na biyu, aka naɗa Aminu Ado Bayero. A watan Mayun 2024 aka soke dokar, aka dawo da Sanusi, Aminu ya tare a gidan Nassarawa, shari'a ta ɓarke a kotunan jiha da na tarayya. A watan Yuli aka sake kafa Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da Bunkure a cikinta, Kura kuma ta koma Kano. Sanusi jikan Sarki Sanusi na ɗaya ne, Aminu ɗan Sarki Ado ne, dukansu daga Abdullahi Bayero suka fito. Bayan shekara 130, gida ɗaya ya sake rabuwa biyu, sai dai wannan karon gwamnoni ne ke riƙe da linzami.

Kowane juyi yana da farashi: gyaran fada, motoci, ma'aikata, sababbin hakimai, manyan lauyoyi, jami'an tsaro a ƙofar gidaje biyu. Wani kaso na kuɗin ƙananan hukumomi ne ke tafiya ga majalisun masarautu, wato daga asusun da ya kamata ya gyara makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi. 'Yan sanda sun hana hawan salla a 2024, shekarar da UNESCO ta sa hawan Kano cikin kayan gadon duniya, kuma masu ɗinkin kayan doki da masu abinci da masu masauki ne suka ji a jikinsu. Mai rikicin gona a Bunkure kuwa ya wayi gari bai tabbata wace fada ce ta ƙarshe a kan maganarsa ba.

Siyasar zaɓe, wadda aka yi fatan za ta karya gado, ta fara haifar da nata gidajen. A shirin zaɓen 2023, tikitin gwamna na PDP a Kano tsakanin Sadiq Wali, ɗan tsohon ministan harkokin waje Aminu Wali, da Muhammad Abacha, ɗan tsohon shugaban ƙasa, aka yi ta jansa har kotu. Ɗan Ganduje ya tsaya takarar majalisar wakilai a APC ya faɗi, daga baya aka ba shi muƙami a hukumar samar da lantarki a karkara ta tarayya. A 2024 aka naɗa ɗan tsohon Gwamna Kwankwaso kwamishina. Babu dokar da ta hana ɗan babba neman muƙami, kuma zalunci ne a hana mutum saboda sunan ubansa. Amma kuɗin fom da kuɗin daliget sun kai inda malamin makaranta ko shugaban ƙungiyar manoma ba zai iya ko leƙawa ba, kuma wanda bai sha wahalar hawa ba, wanda faɗuwa zaɓe ma ba ta sauke shi, ba shi da dalilin jin tsoron mai ƙuri'a. Manomin da kacalla ta toshe masa kanal, ko tsutsar da ta cinye tumatir a 2016 ta cinye nasa, ko farashi ya karye masa a Kwanar Gafan, wakilin da yake jin tsoronsa yake bukata, ba wanda ya gaji kujera ba.

Hukuncina shi ne ribar gado ta gaskiya ce amma ƙarama ce, kuma mafi yawanta a cikin gidan take tsayawa. Asararsa kuwa babba ce, a waje take sauka, kuma ba a taɓa rubuta ta da sunan kowa ba. Ba na kiran a rushe sarauta, kuma ba na jin mutanen Kano suna son haka. Abin da nake kira shi ne a daina karɓar sunan gida a madadin lissafi. Majalisun masarautu su riƙa buga abin da suka karɓa daga kuɗin ƙananan hukumomi da yadda suka kashe shi. A yi wa gonakin noman rani rajista da sunan masu su, a ajiye kwafi a hannun ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, don kada gonar marayu ta dogara da tunanin mutum ɗaya. Ku kuma mutanen Dawakin Kudu da Kura da Bunkure, idan ɗan takara ya zo muku da sunan mahaifinsa, ku yi wa mahaifin addu'a, sannan ku tambayi ɗan abin da shi ya yi, da abin da zai yi wa kanal da makaranta da kotu, kuma ku sa ya faɗa a gaban jama'a.